Zanzaro da bindiga a ƙugu

Ranar farko da na tafi ofis da bindiga a ƙuguna, ban kai azahar ba sai da na sulale zuwa mota na cire ta na kulle. Ba tsoro ne ya kama ni ba, ba kuma wani ne ya gani ba. Wandona ne ya ƙi. Tun da na zauna a kujera da safe mariƙin bindigar yake sukar haƙarƙarina, bel ya karkace gefe guda kamar mangalar jakin da aka yi wa lodi ba daidai ba, hannuna kuwa bini-bini ya kai wurin yana gyarawa. Mai yawan taɓa ƙugunsa kuwa ya gama tona wa kansa asiri, ko da rigarsa ta rufe komai.

Aikin akanta nake yi a wani ƙaramin kamfani da ke kudu maso yammacin Hustan, a jihar Teksas, masu tura motoci da kaya ta jirgin ruwa zuwa Legas da Kwatano. Mu bakwai ne. Shigar aikinmu shat ce mai dogon hannu da wandon yadi da takalmi sau-ciki, kuma zanzaro dole ne. Kwat sai ranar zuwa banki ko ganawa da manyan abokan ciniki. Ni nake kai kuɗi banki, ni ne kuma na ƙarshen fita da dare. A farkon 2022 wasu suka biyo abokin aikina daga banki har wurin ajiye motocinmu, suka ritsa shi kafin ya buɗe ƙofa. Bai ji ciwo ba, amma daga ranar na fara tunanin abin da ban taɓa kawowa a raina ba.

A Kano na tashi, inda bindiga ta soja ce da ɗan sanda, sai ko maharbi da harba-ka-ruga. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959, fistol tana cikin makaman da sai da lasisin shugaban ƙasa ake mallaka, don haka har na haura shekara arba'in ban taɓa riƙe ta ba. Wannan ya sa na shiga harkar da kai a ƙasa, ina tambayar abin da yaran Teksas suka sani tun suna firamare.

Kafin na kashe ko sisi sai da na sami maigidana. A Teksas mai kamfani yana da ikon hana ma'aikatansa shiga da bindiga, sai dai wata doka ta 2011 ta bai wa yawancin ma'aikata damar barin ta a kulle cikin motarsu a wurin ajiye motocin aiki. Ya amince, na ce ya rubuta min, ya rubuta. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada abokin ciniki ya gani, kada ma'aikaci ya gani. Wannan sharaɗin ne ya ci min wata biyar.

Maganar lasisi ba ta ba ni wuya ba. Tun 1 ga Satumba 2021 wanda ya kai shekara 21 kuma ba shi da laifin da ya hana shi yana iya ɗaukar ƙaramar bindiga a Teksas ba tare da lasisi ba. Duk da haka na nema, don jihohi maƙwabta irin su Luwiziyana suna karɓar lasisin Teksas, kuma dokar tarayya da ta hana kusantar makaranta da bindiga da tazarar ƙafa 1,000 ta yi wa masu lasisin jihar rangwame, ga hanyata ta zuwa aiki tana bi ta gaban makarantu biyu. Ina da takardar zaman dindindin, wato girin kad. Wanda yake kan bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi mallakar bindiga, sai 'yan togaciya ƙalilan. Na biya dala 40 ga hukumar tsaron jama'a ta jihar, aka ɗauki hoton yatsuna, na zauna aji na yini guda. Doka ta ce awa huɗu zuwa shida, kuma rabin lokacin ba a kan harbi aka yi shi ba, a kan lokacin da ba ka da izinin harbi ne, da yadda ake kashe rigima da baki, da yadda ake adana makami a gidan da ke da yara. Daga nan sai jarrabawar rubutu, sai ta harbi: harsashi 50, ashirin daga yadi 3, ashirin daga yadi 7, goma daga yadi 15. Maki 250 ne, ana buƙatar 175. Na haye, ko da yake hannuna ya yi ta karkarwa a goman ƙarshe. Bayan 'yan makonni kati ya iso ta gidan waya.

Babu wanda ya gaya min a ajin nan cewa aikin yana gaba, wajen wando.

Bindigata ta farko Glock 19 ce, don ita malamin ya koya min harbi da ita, kuma har gobe ita hannuna ya fi sabawa da ita. Tana cin harsashi 15, idan an cika ta nauyinta ya kusa giram 850. Laifin ba nata ba ne, nawa ne da na ɗauka abin da ya yi daɗi a filin koyon harbi zai yi daɗi a kujerar ofis awa tara. A hankali na gane cewa tsawon bututun ba shi ne matsala ba, tunda yana nutsewa cikin wando. Mariƙin ne yake tsayawa sama da bel yana zana kansa a jikin riga. Sai na ajiye ta a akwatin ƙarfe a gida na sayi SIG Sauer P365, wadda ta fito a 2018: harsashi 10, kaurinta wajen inci ɗaya, nauyinta wajen rabin kilo in babu harsashi, mariƙinta ya gaza na waccan da kusan santimita biyu. Santimita biyun nan a bakin magana ba komai ba ne, a ƙarƙashin farar shat kuwa su ne bambancin mutumin da ya ci ya ƙoshi da mutumin da ke ɗauke da wani abu. Ƙaramar tana da nata farashin: ta fi zabura a hannu idan an harba, sai da na ƙara yawan zuwa fili kafin na daidaita da ita.

Sai bel. Da a ce wani ya zaunar da ni tun farko ya ce fara da bel, da na huta da asarar kuɗi mai yawa. Bel ɗin ofis na yau da kullum fata ce mai laushi, aikinta riƙe wando kawai. Ka rataya mata rabin kilo a gefe guda sai ta lanƙwashe, bindigar ta kwanto waje, kai kuma ka ƙara matsewa har cikinka ya yi ciwo, duk da haka ba ta tsaya ba. Akwai bel da ake yi musamman don wannan, fata ninki biyu da wani abu mai tauri a tsakiya, daga waje ba ka bambanta shi da na zuwa ɗaurin aure. Yawancinsu faɗin inci ɗaya da rabi ne, madaukan wandon kwat kuwa da yawa ba sa ɗaukar fiye da inci ɗaya da kwata. Na sayi na farkon ban auna ba, ya ƙi shiga wanduna uku cikin biyar. Na koma na nemi mai inci ɗaya da kwata, baƙi ɗaya, ruwan ƙasa ɗaya. Ranar da na fara ɗaura shi na ji kamar an rage wa bindigar rabin nauyinta, alhali nauyin ne ya bazu ya zagaye ƙugu.

Kube kuwa, wato gidan da ake soka bindigar, ina da guda biyar a wani kwali a ƙarƙashin gado, ɗaya kawai nake amfani da shi. Na farko na yadi ne mai laushi, mai arha, wanda aka ce yana ɗaukar kowace bindiga. Na daina amfani da shi cikin mako guda, don bakinsa yana rufewa da zarar an zare, kuma da na danna da yatsa ta waje sai na ji ina iya taɓa kunama. Kuben da ba ya kāre kunama da abu mai tauri ba kube ba ne, safa ce. Na gwada na idon sawu, ya ɓoye sosai, amma idan na harɗe ƙafa a taro sai wando ya ɗage, tafiyata kuma ta koma ta mai ɗingishi. Na gwada na aljihu, sai ya zama kamar na cusa ƙaramin littafi a wandon yadi. Na gwada wata ɗamarar roba mai zagaye ciki, wadda ba ta buƙatar bel. Ta yi kyau a watan Maris. Wanda ya san Hustan a watan Agusta, zafi ya haura digiri 35 ga iska jiƙe da laima, ya san abin da ya biyo baya: kafin la'asar cikina ya yi ƙuraje. Wanda na tsaya a kai na roba ne mai tauri da ake kira Kydex, wanda aka zuba daidai da siffar bindigar, idan ta shiga sai ka ji ƙas.

Masu wannan harka suna kwatanta ƙugu da fuskar agogo: cibiya ƙarfe 12, kwatangwalon dama ƙarfe 3, tsakiyar baya ƙarfe 6. Na fara da ƙarfe 4, can bayan kwatangwalo. A tsaye lafiya lau. A kujerar ofis kuwa jinginar tana tura ta cikin ƙashina, a mota bel ɗin kujera yana danne ta, idan kuma na sunkuya ɗauko fayil sai mariƙin ya ɗago riga ta baya, inda ni ba na gani amma kowa yana gani. Ƙarfe 6 ban ma gwada ba, malaminmu ya ce wanda ya faɗi ta baya a kan ƙarfe yana wasa da ƙashin bayansa. Sai na dawo gaba, wajen ƙarfe 1, tsakanin cibiya da kwatangwalo. A nan idona yana kan abin, hannuna yana kai, ba mai rungumata ya taɓo shi ta baya. Amma wurin yana da sharaɗi biyu masu nauyi. Na ɗaya, bakin bindiga yana kallon mara da cinya, inda babbar jijiyar jini take, don haka ba wurin ganganci ba ne. Na biyu, tumbi. Tuwon shinkafa da miyar taushen uwargida sun yi aikinsu a jikina shekara da shekaru, kuma tumbin yana tura mariƙin gaba.

Abubuwa biyu ƙanana suka gyara wannan. Akwai wani ɗan fiffike da ake ɗaura wa kube a gefe, wanda yake tokare bel ta ciki ya juyo da mariƙin ya kwanta a jikin ciki. Akwai kuma ɗan matashin soso da ake manna wa ƙasan kuben ta ɓangaren jiki, yana tura bakin waje kaɗan, saman kuma ya shigo ciki. Na yanka nawa da kaina, na yi ta rage shi da reza dare uku ina zama ina tashi a falo, uwargida tana kallona.

“Maigida, wai duk wannan wahalar ta mece ce? Ka sa ta a jaka mana.”

Na ce mata jaka ana ajiye ta, ana mantawa da ita, ana fizge ta, ga yara a gida. A dokar Teksas ma laifi ne ka bar bindiga mai harsashi inda yaro ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Ta ce to Allah ya kyauta, amma kada ta ƙara ganin gutsattsarin soso a kan kafet.

Zanzaro shi ne gagarabadau. Yawancin kube an yi su ne don mai sakin riga a kan wando. Mai zanzaro yana buƙatar wanda maƙalinsa yake manne daga can ƙasa, ya bar rata tsakaninsa da jikin kuben, ta yadda za ka cusa shat ɗin a ratar ta rufe bindigar ruf, abin da zai rage a waje sai ɗan maƙalin a kan bel. Baƙin maƙali a kan baƙin bel ba kowa ke lura ba, amma ni na lura, sai ya dame ni. Daga baya na sami siririn maƙali na ƙarfe mai cizon bakin wandon kansa, bel ya bi ta kansa ya rufe shi. Idan na gama zanzaro sai na ɗaga hannuwa sama, rigar ta ɗan zazzago ta yi sako-sako a kan bel ta kowane gefe, ba gefen bindigar kaɗai ba. Matsattsun shat ɗin da na saya lokacin ina jin kaina saurayi duk na bayar da su. Farar shat mai shara-shara ita ce babbar maƙiyiya, don ko ba ta nuna siffa ba tana nuna duhu. Mai kauri, mai gida-gida ko ratsi-ratsi, ko shuɗiya mai duhu, ita ke ruɗar ido. A ciki kuma singileti kullum, saboda gumi yana cin fata yana kuma kawo tsatsa. Kowane dare sai na goge bindigar da ɗan ƙyalle mai mai.

Zanzaro yana rage sauri, wannan babu musu. Sai hannun hagu ya fizgo rigar sama da ƙarfi kafin na dama ya kai. Na yi ta gwadawa a ɗaki da bindiga wayam, bayan na duba ta sau biyu na kai harsasan wani ɗaki daban, har maɓallai biyu suka tsinke. Mayarwa ta fi zarewa haɗari, don gefen riga yana iya shiga cikin kube ya ja kunama. Saboda haka ba na mayar da ita alhali kuben yana jikina idan na yi zanzaro. Ciro kuben nake yi gaba ɗaya, na saka ta, sannan na mayar da su tare. Haka ma a banɗaki: ba ta fita daga kubenta, ba na kuma ɗora ta a kan tankin ruwa ko wani wuri da zan iya tashi na bar ta. Wandon nake riƙewa a gwiwa, bel a ɗaure.

Duk da haka wandunan suna matse ni, don na cusa abu mai kaurin inci ɗaya a wurin da aka yanka daidai jikina. Wani dattijo a filin harbi, da ya ji ina ƙorafi, ya ce min in daina neman bindigar da za ta dace da kayana, in kai kayan a gyara su su dace da bindigar. Sai na kwashi wanduna biyar da kwat biyu na kai wa wata tela 'yar asalin Biyetnam a wajen titin Bellaire. Ina ta kame-kame ina neman yadda zan yi mata bayani, sai ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, dama ko hagu? Ashe ba ni ne na farko ba. Ta ce na zo da kuben kawai ba bindigar ba, na ɗaura, ta auna. Wandon kwat yana da rarar yadi a ɗinkin baya, ta buɗe min inci ɗaya da rabi a kowanne. Ta matsar da madauki ɗaya da ke zaune daidai inda maƙalin ya kamata ya zauna. A kwat ɗin ta saki gefe kaɗan, ta kuma ƙara wani yadi mai ƙarfi a shafin ciki inda mariƙin ke gogawa. Abin da na biya ta gaba ɗaya bai kai kuɗin kube ɗaya daga cikin waɗanda ke ƙarƙashin gado ba. Ranar Litinin da ta biyo baya na zauna daga takwas zuwa biyar, sai da na zo cire takalmi a gida na tuna ban taɓa ƙuguna ba ko sau ɗaya.

Akwai gwajin da babu wani mai sayar da kube a Teksas da zai gaya maka, shi ne salla. Azahar da la'asar a ɗakin ajiyar kaya na ofis nake yin su. Lokacin da nake ɗaurawa a ƙarfe 4, ruku'u yana fito da ita fili ta baya. Da na dawo gaba, sai sujada da zaman tahiya suka zama azaba, ƙasan kuben yana nutsewa a cinya. Na ɗaga kuben sama da rami ɗaya, na matsar da shi wajen yatsa biyu zuwa cibiya, ya faɗa cikin lungun da ke tsakanin ciki da cinya, na kuma koyi ɗan jan wando sama kafin kabbara. Yanzu duk kuben da zan gwada, raka'a biyu nake kwaikwaya da shi a gida. In ya wuce wannan, kujerar ofis wasa ce. Na tambayi wani malami a kan hukuncin, ya tuna min da ayar sallar tsoro a Suratun Nisa'i inda aka ce su riƙe makamansu, sannan ya kawo hadisin da aka umarci mai ratsa masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani ciwo. Ya ce, “Alhaji, na biyun nan shi ne naka.”

Masallacin da nake zuwa Juma'a ya manna sanarwar hani a ƙofa, don haka a mota nake barin bindigar, cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai igiyar waya ɗaure da ƙafar kujera. Karanta ƙofa ya zama min ɗabi'a. Allon da ke ɗauke da lamba 30.06 ya hana mai lasisi shiga da ɓoyayyar bindiga, 30.07 ya hana ta bayyane, 30.05 na marasa lasisi ne, jan allo mai 51% kuma na wurin da yawancin cinikinsa giya ce. Gidan waya da kotu ba sai an duba allo ba. Ciro ta da mayar da ita a mota shi ne abin da na fi tsana a duk harkar, shi ya sa nake tsara zirga-zirgata tun da safe don kada na yi haka fiye da sau ɗaya.

Ranar Juma'a maigidanmu ya yarda na sa kaftani, kuma a nan na yi dariyar kaina. Duk abin da na sha wata biyar ina nema, kaftani ya ba ni shi kyauta. Ko Glock ɗin na ɗaura babu mai sani. Sai dai wandon kaftani mazugi gare shi, ba ya riƙe nauyi, kuma kafin ka tattare rigar da ta wuce gwiwa an gama abin da za a yi. Na sa telar ta ɗinka wa wanduna biyu madaukan bel, ta kuma ƙara tsawon tsagar aljihun dama. Ta juya shaddar a hannunta ta ce ba ta taɓa ɗinka yadi mai ƙamshi irin wannan ba.

Bayan azumin bana na sauke kilo huɗu, sai komai ya sake rikicewa: bel ya ƙare ramuka, wando yana zamewa, mariƙin ya fara leƙowa. Na sake kwasar wandunan na koma wurinta na ce ta rage. Ta zagaya ƙuguna da tef, ta duba littafinta, ta tambaye ni yaushe ne bikinmu na yanka raguna. Na ce saura wata biyu. Ta naɗe wandunan ta miƙo min, ta ce na huda wa bel rami ɗaya, na dawo bayan bikin.